Waliyyi Luwis Martin: Uban da Ya Binne Huɗu, Ya Ba da Biyar

Da wuya a sami ɗan Katolika a cikinmu wanda bai san sunan Waliyiya Teresa ta Yaro Yesu ba. Majami'u da makarantu suna ɗauke da sunanta, 'ya'yanmu mata da yawa kuma sun karɓi sunan a ranar baftisma. Amma kaɗan ne suka san gidan da ta fito, da irin hawayen da aka zubar a cikinsa kafin a haife ta da bayan an haife ta. A wannan fitowa muna so mu ba da labarin mahaifinta, Luwis Martin, mai sana'ar agogo a ƙasar Faransa. Ya binne 'ya'ya huɗu, ya binne matarsa, ya ga 'ya'yansa mata suna barin gida ɗaya bayan ɗaya saboda kiran Allah, a ƙarshe kuma ya rasa hankalinsa. Mun san labarin dalla-dalla domin iyalin sun rubuta shi da hannunsu: matarsa ta bar wasiƙu fiye da 200, 'ya'yansa kuma sun rubuta abin da suka tuna.

Ƙuruciyarsa da aurensa

An haifi Luwis a birnin Bordeaux ranar 22 ga Agusta, 1823. Mahaifinsa hafsan soja ne, saboda haka iyalin suka yi ta ƙaura daga bariki zuwa bariki, har lokacin da ya ajiye aiki suka zauna a garin Alençon na yankin Normandi. Luwis ya koyi sana'ar agogo, amma zuciyarsa tana wani wuri dabam. A 1845 ya hau duwatsun Alps ya nemi shiga gidan Fadanni na Babban Sant Bernard, waɗanda aikinsu shi ne addu'a da ceton matafiyan da ƙanƙara ta rutsa da su. Aka ce masa sai ya iya harshen Latin tukuna. Ya koma gida ya fara koyo, rashin lafiya ta katse shi, sai ya haƙura ya karɓi wannan a matsayin nufin Allah. A 1850 ya buɗe kantin agogo da kayan ado a Alençon.

Shekara takwas ya yi shi kaɗai, mutum mai shiru, mai son karatu da kamun kifi. Ba ya buɗe kanti ranar Lahadi, ko da yake a ranar ce mutanen ƙauye suke shigowa gari da kuɗi a hannu. A watan Afrilu na 1858 ya gamu da Zeli Guérin a kan wata gada a cikin garin. Ita ma ta taɓa neman shiga Sistoci aka mayar da ita, sai ta koyi saƙar leshin Alençon da allura, ta kafa sana'arta, tana ba wa mata aiki a gidajensu. Bayan wata uku, da tsakar daren 13 ga Yuli, 1858, aka ɗaura musu aure a majami'ar Uwargidanmu ta Alençon. Yana da shekara 34, tana da 26.

Da farko sun yi niyyar zama kamar wa da ƙanwa, suka yi wata goma a haka, har wani Fada mai yi musu jagora ya nuna musu cewa renon 'ya'ya shi ma hanyar tsarki ce. Suka saurare shi. Daga 1860 zuwa 1873 Allah ya ba su 'ya'ya tara, mata bakwai da maza biyu. Kowace safiya miji da mata sukan fita zuwa Mas ta ƙarfe biyar da rabi, wadda galibi ma'aikata da talakawa ne suke halarta.

Kaburbura huɗu

'Ya'ya huɗu na fari, wato Mari, Polin, Leoni da Helen, duk mata ne. Iyayen suna marmarin ɗa namiji wanda zai zama Fada, ya tafi aikin mishan. A watan Satumba na 1866 aka haifi Yusufu. Zeli tana da matsala a nono, ba ta iya shayarwa sosai, saboda haka aka kai jaririn wurin wata mai shayarwa a ƙauye, kamar yadda mutanen birni suke yi a wancan zamani. Bai cika wata biyar ba ya rasu, a Fabrairu na 1867. A Disamba na wannan shekara aka sake haifar namiji, aka sake sa masa suna Yusufu. Ya yi wata takwas, ya rasu a Agusta na 1868. Bayan 'yan kwanaki mahaifin Zeli, wanda suke jinya a gidansu, shi ma ya bi.

Rashin da ya fi girgiza su shi ne na Helen. Ba jaririya ba ce. Yarinya ce mai shekara biyar, mai surutu da fara'a. Ta yi ta ramewa, ba a ɗauki abin da tsanani ba, sai ga shi ta cika a hannun uwarta ranar 22 ga Fabrairu, 1870. Zeli ta rubuta wa danginta cewa da Luwis ya shigo gida ya ga gawar 'yarsa, sai ya fashe da kuka yana kiran sunanta, daga baya su biyun suka miƙa ta ga Allah tare. Ta kuma rubuta cewa ta daɗe tana zargin kanta a kan wannan mutuwa. A watan Agusta na shekarar aka haifi Melani Teresa. Mai shayarwar da aka ba ta ba ta kula da ita ba, kafin a gane yunwa ta riga ta ci ƙarfinta, ta rasu a Oktoba ba ta kai wata biyu ba.

Cikin ƙasa da shekara huɗu ke nan suka haƙa kaburbura huɗu. Ga kuma yaƙi tsakanin Faransa da Jamus, wanda ya kawo sojojin abokan gaba cikin Alençon a farkon 1871, har aka tilasta wa iyalin su saukar da tara daga cikinsu a gidansu.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne yadda suka riƙe waɗannan yara a zuciya. Akwai masu ce wa Zeli da ma ba ta haife su ba, da ta huta da baƙin ciki. Wannan magana ba ta taɓa yi mata daɗi ba, domin a ganinta wahalar haihuwa da ta jinya ba a bakin komai take ba idan aka auna ta da rai madawwami da yaran suka samu. A gidan ba a daina ambaton sunayensu ba. Ana ƙirga su cikin 'ya'yan gida, ana kuma roƙon addu'arsu. Shi ya sa Teresa, wadda aka haifa ranar 2 ga Janairu, 1873, ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da damuwa ta dame ta tana 'yar shekara 13, wurinsu ta juya ta roƙi taimako kamar yadda auta take roƙon yayyenta, ta kuwa sami salama.

Luwis bai bar wa matarsa nauyin ita kaɗai ba. A 1870 ya sayar da kantinsa ga wani ɗan'uwansa domin ya taimaka mata da sana'ar leshi, yana riƙe lissafi, yana tafiya neman masu saye. Da zazzaɓin taifot ya kwantar da Mari a 1873, ya taka da ƙafa yana azumi zuwa wani wurin ziyara a bayan gari domin ya roƙa mata lafiya, ta kuwa warke.

Rasuwar Zeli

Tun 1865 Zeli take jin wani ƙulli a nononta. A ƙarshen 1876 likita ya gaya mata gaskiya: ciwon daji ne, kuma lokacin aiki ya wuce. A watan Yuni na 1877 ta tafi Lourdes tare da manyan 'ya'yanta uku, gidan duka suna sa zuciya ga warkarwa. Ta dawo ciwon ya ƙaru. Luwis ya je tashar jirgin ƙasa ya tarye ta da ƙananan yaran biyu, ya ga da idonsa cewa addu'ar da suka yi ba a amsa ta yadda suka so ba. Ta rasu ranar 28 ga Agusta, 1877, tana da shekara 45.

Luwis yana da shekara 54, da 'ya'ya mata biyar: Mari mai 17, Polin mai kusan 16, Leoni mai 14, Selin mai 8, da Teresa mai huɗu da rabi. Teresa ta tuna har ƙarshen ranta yadda mahaifinta ya ɗauke ta a hannu ya kai ta ta sumbaci goshin mahaifiyarta sumba ta ƙarshe. Bai ɓoye wa yarinyar mutuwa ba, bai kuma bar ta ta fuskance ta ita kaɗai ba. A ranar jana'iza Selin ta zaɓi Mari ta zama uwarta, Teresa kuma ta zaɓi Polin.

Sai wata shawara mai wuya ta taso. Dukan rayuwar Luwis tana Alençon: tsohuwar mahaifiyarsa, abokansa, ɗan lambun da yake keɓewa a ciki, da kaburburan matarsa da 'ya'yansa. Amma Zeli ta so 'ya'yan su taso kusa da ƙanenta Isidor Guérin, mai kantin magani a Lisieux, da matarsa. Abokai suka ba shi shawara ya zauna. Ya tambayi manyan 'ya'yansa abin da suke so, ya ga alherinsu yana Lisieux, sai ya sayar da sana'ar, a watan Nuwamba na 1877 suka ƙaura zuwa wani gida mai lambu da ake kira Les Buissonnets. Bai sake aure ba.

Gidan maraici da bai zama gidan makoki ba

A sabon gidan Luwis ya shimfiɗa zama mai tsari, kuma tsarin nan ne ya riƙe su. Mas da sassafe. Da rana yakan riƙe hannun Teresa su zaga gari, kowace rana su shiga wata majami'a su gai da Yesu cikin Sakrament Mai Albarka, shi ne ma yadda ta fara ganin ɗakin sujada na Sistocin Karmel. Wani lokaci yakan tafi da ita kamun kifi. Da dare a bakin murhu akan yi wasan dara, a karanta littafin ibada, ya rera musu waƙoƙi da muryarsa mai daɗi, sannan a durƙusa a yi addu'a. Teresa ta shaida cewa kallon fuskar mahaifinta yana addu'a ya isa ya koya mata yadda waliyyai suke addu'a. Matalauta suna da ranar da suke zuwa ƙofar gidan, yaran ne kuma ake aika su miƙa sadaka. Shi kansa ɗan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul ne, mai kuma ƙwazo wajen sujadar dare a gaban Sakrament.

Kada mu ɗauka raunin ya warke nan da nan. Teresa, wadda a da take da fara'a da ƙiriniya, ta koma mai jin kunya da saurin kuka har kusan shekara goma. Leoni ta sha wahala da rashin lafiya da wuyar hali tun tana ƙarama. Da Polin ta shiga Karmel a Oktoba na 1882, Teresa ta ji kamar ta sake rasa uwa, ta kamu da wani ciwo mai tsanani da ya gagari likita. Luwis ya aika a yi mata Mas na kwana tara a majami'ar Uwargidanmu ta Nasara a babban birnin ƙasar, ta kuwa warke ranar 13 ga Mayu, 1883.

Bayan Polin sai Mari, babbar 'yarsa wadda take riƙe masa gida, ta shiga Karmel a 1886. Ranar idin Fentikos na 1887 Teresa, tana da shekara 14, ta same shi a lambu ta roƙi izinin bin sawun yayyenta. Makonni huɗu kafin nan ya fara samun shanyewar jiki, ita ce kuma autarsa da yake kira sarauniyarsa. Ya yi kuka tare da ita, ya saurari dalilanta, sannan ya tsinko wani ɗan farin fure da ya tsiro a jikin katanga ya ba ta. Bai tsaya a ba da izini ba. Da hukumomin Ekklesiya suka ce ta yi ƙanƙanta, shi ya kai ta gaban Bishop na Bayeux, ya kuma kai ta Roma, inda ta gabatar da roƙonta ga Paparoma Leo na 13 a watan Nuwamba na 1887. Ranar 9 ga Afrilu, 1888, ya durƙusa a ƙofar Karmel ya sa mata albarka da hawaye, aka rufe ƙofar.

Gicciye na ƙarshe

Bayan wata biyu Selin ta gaya masa ita ma tana jin kira, amma za ta zauna ta kula da shi. Ya karɓi maganar da godiya ga Allah. A wannan shekara ya ba da faran 10,000 domin a yi sabon babban bagade a majami'ar Waliyyi Bitrus ta Lisieux. Amma ciwon da yake cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa yana ta ci gaba. Ranar 23 ga Yuni, 1888, ya fita daga gida ba wanda ya san inda ya nufa; sai bayan kwana huɗu aka same shi a birnin Le Havre. Ya ɗan farfaɗo, har ya raka Teresa zuwa bagade a ranar da ta karɓi tufafin Sistoci a Janairu na 1889. Bayan wata ɗaya hankalinsa ya rikice ƙwarai, yana ganin yaƙi da abokan gaba inda babu su, yana neman kare 'ya'yansa daga haɗarin da babu shi. Ranar 12 ga Fabrairu, 1889, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Bon Sauveur a birnin Caen. Ya yi shekara uku a can.

Wannan ya fi wa 'ya'yansa ciwo fiye da mutuwa. A wancan zamani, kamar yadda yake a wurare da dama har yanzu, taɓin hankali abin kunya ne ga dangi duka. Mutanen gari suka yi ta tsegumi cewa 'ya'yansa ne suka haukatar da shi da suka gudu suka bar shi, musamman autar. Uku suna cikin Karmel, ba su da ikon fita su gan shi. Leoni da Selin suka kama masauki kusa da asibitin na wasu watanni domin su riƙa jin labarinsa. Aka bar gidan Les Buissonnets, aka rarraba kayansa. Da Teresa ta ɗauki alkawarinta na har abada a Satumba na 1890, mahaifinta ba ya wurin.

A lokutan da hankalinsa yake dawowa, Luwis yakan gane inda yake. Ya gaya wa likita cewa dukan ransa shi ne mai ba da umarni, yanzu kuwa sai ya bi umarni, kuma ya fahimci cewa bai taɓa ɗanɗana ƙasƙanci ba sai yanzu. Yakan raba wa sauran marasa lafiya abin da aka kawo masa, yana ƙarfafa su su dogara ga Allah. Teresa kuwa, da take tunani a kan fuskar mahaifinta da ciwo ya sauya, sai ta ƙara fahimtar Fuska Mai Tsarki ta Yesu, wadda aka mara, aka tofa wa yau, har ba a gane ta. Daga baya ta ɗauki waɗannan shekaru uku a matsayin mafi ɗaci, kuma mafi albarka, a tarihin gidansu.

A watan Mayu na 1892, da ƙafafunsa suka shanye, aka dawo da shi Lisieux. Aka kai shi Karmel sau ɗaya ya ga 'ya'yansa. Magana ta riga ta yi masa wuya. Da za a rabu, sai ya ɗaga yatsa sama, ya ambaci sama da kyar, wurin da za su sake saduwa. Selin ta yi jinyarsa shekara biyu da taimakon iyalin kawunta. Ya rasu ranar 29 ga Yuli, 1894, yana da shekara 70. A Satumba Selin ta shiga Karmel. Leoni, bayan ta gwada sau uku ba ta dace ba, ta tabbata a gidan Sistocin Ziyara na Caen a 1899, ta zauna a can har rasuwarta a 1941.

'Yan watanni bayan rasuwarsa, wata rana da dare 'yan'uwan suna hira, Teresa tana ba da labarin ƙuruciyarsu. Mari ta ce ya kamata a rubuta wannan, Polin kuma, wadda a lokacin ita ce shugabar gidan, ta umarci Teresa ta rubuta. Abin da ta rubuta domin 'yan gida kawai shi ne ya zama kashin farko na littafin tarihin rayuwarta, wanda aka buga a 1898, shekara ɗaya bayan tarin fuka ya ɗauke ta tana da shekara 24. An ɗaga Luwis da Zeli zuwa matsayin Masu Albarka a Lisieux ranar 19 ga Oktoba, 2008. Ranar 18 ga Oktoba, 2015, Paparoma Francis ya ayyana su waliyyai, su ne miji da mata na farko da aka ayyana tare a rana ɗaya. Ana idinsu ranar 12 ga Yuli.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, babu wata majami'a tamu da ba ta da uwa ko uba da suka binne yaro. Mun saba ce wa namiji ya daure, kada a ga hawayensa. Luwis ɗan soja ne, ya kuwa yi kuka a gaban matarsa da 'ya'yansa, kukan bai rage masa bangaskiya ba. Mun saba kuma, idan mutuwa ta yi ta maimaituwa a gida ɗaya, mu fara neman wanda za mu ɗora wa laifi, ko matar gida, ko wata tsohuwa a unguwa, har zumunci ya watse. Luwis da Zeli sun rasa huɗu a jere, ba su juya wa juna baya ba. Idan kuma hankalin wani dattijo ya gushe, sau da yawa mukan ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, mu ce asiri ne ko hukuncin zunubi. Ekklesiya ta ɗaga mutumin da ya yi shekara uku a asibitin masu taɓin hankali ta sa shi cikin waliyyai, domin mu sani cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana bukatar likita, da haƙuri, da ƙauna.

Saboda haka muna roƙon Zumuntar Mata, da ta maza, da katekistocinmu, su tuna da gidajen da aka yi rashi bayan masu ta'aziyya sun watse, gama a lokacin ne kaɗaici yake fara aikinsa. Mu ziyarci mazan da matansu suka rasu suka bar su da yara. Iyaye kuma su gaya wa 'ya'yansu sunayen yayye da ƙannen da suka riga mu gidan gaskiya, su rubuta su, su kawo su a ambata a Mas, musamman a watan Nuwamba da muke tunawa da matattu.

Ya Allah, Uban marayu da mai ta'azantar da masu makoki, ka dubi gidajenmu da mutuwa ta ziyarta, ka ba mu ƙarfin tashi da safe mu ci gaba da renon waɗanda ka bar mana. Waliyyi Luwis da Waliyiya Zeli, ku yi addu'a dominmu. Amin.